Daga Ƙwaryar Nono Zuwa Kantin Magani: Tarihin Jinyar Gudawar Yara a Njamena

Birnin Njamena, wanda yake zaune a bakin kogin Shari daura da garin Kusiri na ƙasar Kamaru, daidai inda kogin Logon ya gangaro ya haɗu da shi, yaro ne ƙarami idan aka jera shi da Kano ko Katsina ko Damagaram, domin a ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 1900 ne jami'in Faransa Émile Gentil ya kafa shi a matsayin barikin soja, makonni biyar bayan yaƙin Kusiri wanda Rabe da kwamanda Lamy suka rasa rayukansu a cikinsa rana ɗaya, aka kuma raɗa wa barikin suna Fort-Lamy. Sai dai abincin da aka riƙa yaye yaran wannan gari da shi, wato nono mai tsami da kokon gero ko na dawa wanda ƙullunsa ya kwana, ya girmi garin nesa ba kusa ba, kuma daga gare shi ne ya kamata a faro duk wani bayani game da abin da likitocin yau suke kira furobayotik. Ma'anar wannan kalma, kamar yadda taron masana da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kira a birnin Kordoba na ƙasar Ajantina a 2001 ya tsayar da ita, ita ce ƙananan halittu masu rai, bakteriya ko yis, waɗanda suke amfanar lafiyar mutum idan ya sha su da yawan da ya kamata. Begen cewa waɗannan halittu za su warkar da gudawar ƙananan yara, musamman irin wadda bairos yake haddasawa, ya taso daga ƙwaryar matan makiyaya, ya bi ta ɗakunan bincike na Faris, sannan ya dawo Njamena a cikin kwalin magani.

Mutanen da suka fara cika sabon garin sun fito ne daga sassa dabam-dabam. Akwai Larabawan Shuwa da Kotoko waɗanda su ne mazauna karkarar tun asali, akwai Barebari da Fulani, akwai mutanen kudu irin su Sara da suka zo aikin soja da na gwamnati, akwai kuma Hausawa, fatake da mahauta da malamai, da ɗimbin maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa ta hanyar Abeshe da Darfur, waɗanda wasu daga cikinsu suka ya da zango don neman guzuri, zangon ya zame musu mazauni har jikoki. Masanin tarihi John Works ya wallafa littafi sukutum a kan waɗannan al'ummomin Hausawa na Chadi a 1976. Kowace ƙabila ta zo da tukunyarta, amma a wancan lokaci madarar garin a hannun matan Shuwa take, su ne suke tatsa a rugage da ƙauyukan da ke kewaye, su kuma suke ɗauko ta a ka ko a kan jaki tun da asuba. A Larabcin Chadi, wanda shi ne harshen kasuwa a Njamena, ana kiran madarar da ta kama da manta a jiki rayib, abin da Bahaushe zai ce kindirmo, ana kuma kiran wadda aka kaɗa aka cire man shanun ruwaba, daidai da tsala. Yadda ake yin su bai bambanta da na ƙasar Hausa ba: a zuba madara a ƙwaryar da aka saba zubawa, ko a ɗiga mata ɗan ragowar nonon jiya, a rufe da faifai, kafin gari ya waye ta kama. Abin da yake faruwa a cikin ƙwaryar shi ne wasu bakteriya da suka zauna a jikinta suna cin sukarin madara, wanda masana suke kira laktos, suna mayar da shi wani sinadari mai tsami, tsamin nan ne kuma yake sa madarar ta daskare.

Amfanin wannan tsami a gari irin Njamena, inda zafi yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma firji bai taɓa zama kayan kowane gida ba, ya fi ƙarfin daɗin baki. Ɗanyar madara takan lalace cikin 'yan sa'o'i, kunun da aka dama da safe aka ajiye wa yaro har la'asar kuma yakan zama gonar ƙwayoyin cuta, alhali idan abinci ya yi tsami sosai yawancin bakteriyar da ke kawo zawo ba sa iya hayayyafa a cikinsa. An tabbatar da haka a Ghana, inda Patience Mensah da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Lancet a 1990 cewa kunun yaye da aka yi da ƙullun masara mai tsami yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kaɗan idan aka kwatanta shi da wanda ba a bari ya yi tsami ba. Matan da suka riƙa jiƙa gero su niƙa su tace su bar gasara ta kwana ba su san sunan bakteriya ba, amma sun gaji wata dabara da take kare 'ya'yansu a lokacin da ya fi kowane haɗari, wato tsakanin wata shida da shekara biyu, sa'ad da yaro yake rarrafe yana kai komai baki, kariyar da ya samu daga mahaifiyarsa kuma tana raguwa. Duk da haka kariyar tana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Nonon da aka tsinka da ruwan kududdufi ko na rijiya marar murfi ya rasa rabin alherinsa, madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da zazzaɓin burusela, bairos kuwa ba ya buƙatar hayayyafa a cikin abinci, hannu marar tsabta kaɗai ya ishe shi hanya.

Dangane da yadda jama'a suke fahimtar ciwon, gudawar jariri a Njamena, kamar a Kano da Maraɗi, an fi danganta ta da fitar haƙori, ko da zafin rana, ko da nonon uwa da ake ganin ya ɓaci saboda ta samu sabon ciki. Idan maɗigar yaro ta faɗa, wato wurin nan mai taushi da ke tsakiyar kansa ya loɓa, akan ɗauke shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, a shafa magani a wurin, alhali alama ce ta cewa ruwan jikinsa ya kusa ƙarewa. Ana dafa ganyen sabara, ana jiƙa bagaruwa, wadda Larabawan Chadi suke kira garad, ana dama garin kuka a nono, wasu kuma suna kai yaron wurin wanzami a cire masa belu. Daga cikin waɗannan, duk abin da ya sa yaro ya sha ruwa-ruwa mai tsabta ya taimaka masa, ko da ba don dalilin da aka ba shi ba. Abin da ya fi cutarwa shi ne tunanin da ke cewa a rage wa mai gudawa ruwa da abinci don cikin ya tsaya, tunanin da likitocin Turai ma suka daɗe a kansa da sunan hutar da hanji, domin abin da yake kashe yaro a wannan ciwo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki, kuma jariri mai kilo 7 ko 8 yana iya kaiwa gargara cikin kwana ɗaya ko biyu.

A shekarun da ake gina katangun farko na Fort-Lamy, a Cibiyar Pasteur da ke Faris wasu masana sun duƙufa a kan lamarin hanji da gudawar yara ta wata fuskar. Henry Tissier, likitan yara, ya gano a wajen 1899 zuwa 1900 cewa kashin jariran da ke shan nonon uwa cike yake da wata bakteriya mai kai biyu kamar gwafa, wadda ake kira Bifidobacterium a yau, kuma tana ƙaranci a cikin yaran da ke gudawa, saboda haka a 1906 ya ba da shawarar a riƙa shayar da ita ga marasa lafiya. A 1905 wani ɗalibi ɗan ƙasar Bulgeriya mai suna Stamen Grigorov, wanda yake karatu a Janeba, ya ware bakteriyar da ke kama kindirmon ƙasarsu, sai Élie Metchnikoff, ɗan asalin daular Rasha wanda ya samu kyautar Nobel a 1908, ya gina ra'ayinsa a kan wannan, ya wallafa a 1907 cewa ruɓar abinci a babban hanji tana gaggauta tsufa, shan nono mai tsami kuma yana hana ta. Ra'ayin ya bazu fiye da hujjojinsa, 'yan kasuwa suka kama shi hannu biyu. Isaac Carasso ya fara yin kindirmo a Basalona a 1919 yana sayarwa ta kantunan magani, daga nan kamfanin Danone ya samo asali. A 1923 wani Bafaranshe, Henri Boulard, ya ware wani nau'in yis daga ɓawon 'ya'yan itatuwa a yankin Indociniya da Faransa take mulka, bayan ya lura mutanen wurin suna amfani da ɓawon a lokacin annobar amai da gudawa, yis ɗin da aka sa wa suna Saccharomyces boulardii, wanda daga baya kamfanin Biocodex ya riƙa sayarwa da sunan Ultra-Levure. Ta wannan hanya ce, hanyar likitoci masu horon Faransa da kantunan magani masu odar kaya daga Faransa, furobayotik na kwali ya iso biranen Afirka masu magana da Faransanci, har da Njamena. Yana da kyau a lura cewa wani sanannen magani na wannan layi, Lactéol, yana ɗauke ne da bakteriyar da aka kashe da zafi, don haka bisa ma'anar 2001 bai shiga sahun furobayotik ba, ko da yake a aljihun tebur ɗaya mai kanti yake ajiye su.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta sa gudawar yaran talakawa a gaba ba. Hankalin likitocinta, waɗanda akasarinsu sojoji ne, yana kan ciwon barci da agana da sanƙarau, da kuma cututtukan shanu, waɗanda dominsu aka gina ɗakin binciken dabbobi na Farsha a gefen garin a ƙarshen zamanin Turawa. Haka aka karɓi mulkin kai a ranar 11 ga Agusta, 1960.

Abubuwa biyu da suka sauya komai sun zo kusan a jere. A 1971 annobar kwalara da ta shigo Afirka ta Yamma shekara ɗaya kafin nan ta iso Chadi da gaɓar Tafkin Chadi, ta kashe mutane masu yawa, a daidai shekarar da likita Dilip Mahalanabis, wanda ruwan ƙarin jijiya ya ƙare masa a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a iyakar Indiya da Bangaladash, ya sa aka riƙa shayar da marasa lafiya ruwan gishiri da sukari, mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Tushen wannan dabara, wadda David Nalin da Richard Cash suka gwada a Daka a 1968, shi ne cewa hanji yana da wata ƙofa da gishiri da sukarin gulukos suke shiga tare, ruwa ya bi bayansu, kuma wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko da ana cikin gudawa. Sannan a 1973, shekarar da shugaba Tombalbaye ya sauya sunan Fort-Lamy zuwa Njamena, Ruth Bishop da abokan aikinta a asibitin yara na Melbon a Ostireliya suka hango wani bairos a cikin naman hanjin yara masu gudawa ta amfani da madubin ilektiron, wanda aka sa wa suna rota a shekarar da ta biyo baya saboda kamanninsa da ƙafar keke, domin ma'anar kalmar ke nan a Latin. Bairos ya bambanta da bakteriya: ya fi ta ƙanƙanta ƙwarai, ba ya rayuwa da kansa sai ya shiga cikin ƙwayar jikin mutum, kuma magungunan kashe bakteriya, irin waɗanda ake kira antibayotik, ba sa yi masa komai. Rota yana lalata 'yan tsirarrun da suka shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji waɗanda aikinsu tsotse ruwa da abinci, yana kuma rage sinadarin da ke narkar da sukarin madara, shi ya sa ciwon yake farawa da amai da zazzaɓi, sai zawo kamar ruwa na kwana uku zuwa bakwai. Kusan kowane yaro a duniya yana kamuwa da shi kafin ya cika shekara biyar, ɗan attajiri da ɗan talaka, bambancin kawai shi ne wanda ya samu ruwa a kan lokaci. A yankin Sahel ya fi tsananta a lokacin sanyi da iskar hunturu, saɓanin zawon bakteriya da ya fi yawa da damina, kuma binciken da aka yi a Yamai da Maraɗi daga 2010 zuwa 2012 ya same shi a kimanin kashi 30 cikin 100 na yaran da aka kawo da gudawa mai ƙarar da ruwan jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da cututtukan gudawa a 1978, amma Njamena ba ta samu sukunin cin moriyarsa nan da nan ba, domin a Fabrairun 1979 yaƙin basasa ya shigo tsakiyar gari, ya sake ɓarkewa daga Maris zuwa Disamba na 1980, jama'a suka tsallaka kogi zuwa Kusiri, asibitoci suka zama kufai. Kafin a farfaɗo sai ga ciwon bushiya da ya ci shanu a farkon shekarun 1980, sai farin 1984, wanda ya tura makiyaya da yawa zuwa gefen birni da ɗan abin da ya rage musu. Tsarin Bamako na 1987 ya ɗora wa marasa lafiya biyan wani kaso na kuɗin magani a ƙananan asibitoci, faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 kuma ta tsauwala farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje. Wannan faɗuwa ta haifar da sakamako biyu masu cin karo da juna. Ta fuskar magani, ta ƙara tura talakawa wajen masu tallan ƙwayoyi a tire da kan keke, waɗanda mutanen Njamena suke kira dokta Shuku, inda ake ba yaro mai zawon bairos Flagyl ko wani antibayotik da ba zai amfane shi ba, har ma ya kashe bakteriyar kirki da ke hanjinsa, ko kuma ƙwayar tsayar da ciki wadda take da haɗari ga ƙananan yara. Ta fuskar madara kuwa, tsadar madarar gari ta gwangwani ta buɗe wa madarar daji kasuwa, shagunan shan madara da rayib mai sanyi suka yawaita a unguwanni a shekarun 1990, aka kuma samu sabuwar sana'a ta maza masu babur da suke shiga ƙauyuka suna tattaro madara a jarkoki masu cin lita 40, waɗanda saboda jarkokin ne ake kiransu karantiye, daga kalmar arba'in a Faransanci. Masu bincike Guillaume Duteurtre da Mian Oudanang Koussou sun rubuta tarihin wannan sauyi dalla-dalla. Sana'ar da a da take hannun mata kaɗai ta samu maza a tsakiyarta, ko da yake tatsa da kaɗa man shanu da tallan ruwaba sun ci gaba da zama na mata.

A daidai wannan zamani ne kimiyya ta fara gwada tsohon ra'ayin Tissier da ma'auni na gaskiya. Sherwood Gorbach da Barry Goldin na Amurka sun ware wani nau'in bakteriya daga hanjin mutum mai lafiya a 1983, wanda ake kira Lactobacillus GG da haruffan farko na sunayensu, sai Erika Isolauri ta gwada shi a birnin Tampere na ƙasar Finlan a kan yara 71 masu gudawa, mafi yawansu na rota, ta wallafa a 1991 cewa waɗanda suka sha shi sun warke cikin kimanin kwana ɗaya da rabi, waɗanda aka ba kindirmon da aka kashe halittunsa da zafi kuma sai da suka kusa kwana biyu da rabi. Gwaje-gwaje suka biyo baya da yawa, kuma a 2010 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara sakamakon bincike da auna ingancinsa, ta haɗa nazari 63 ta ce furobayotik yana rage tsawon gudawa da kimanin kwana ɗaya. Ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai ta amince da Lactobacillus GG da yis ɗin Boulard a 2014 a matsayin ƙari a kan ruwan gishiri da sukari. Dalilan da aka bayar masu shiga hankali ne: halittun suna gasa da masu cuta wajen samun wurin zama a bangon hanji, suna ƙarfafa shingen hanjin, suna kuma zaburar da garkuwar jiki.

Amma yawancin waɗannan nazarce-nazarce ƙanana ne, wasu kuma an tsara su da sakaci, kuma sananne ne cewa binciken da ya samu sakamako mai daɗi ya fi saurin fitowa a mujalla. A watan Nuwamba na 2018 mujallar likitanci ta New England ta fitar da manyan gwaje-gwaje biyu a rana ɗaya, na David Schnadower a kan yara 971 a Amurka, da na Stephen Freedman a kan yara 886 a Kanada, inda aka raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba rabi furobayotik na kwana biyar, aka ba rabi wata hoda mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, ba tare da iyaye ko likitoci sun san wa ya samu wanne ba. Ba a ga wani bambanci ba, ko a tsawon ciwon ko a tsananinsa. Da Cochrane ta sake zama a 2020 da nazari 82 da suka ƙunshi mutane fiye da 12,000, ta dogara a kan waɗanda aka yi da kyau, sai ta ce mai yiwuwa tasirin kaɗan ne ko babu shi sam. Likitocin Turai sun ci gaba da amincewa da wasu nau'o'i ƙalilan, amma amincewa mai rauni. Sakamakon da ya fi kusa da tukunyar Bahaushe ya ma riga waɗannan fitowa: a arewacin Ghana, Vicki Lei da abokan aikinta sun gwada ruwan tsamin da ke tasowa a saman ƙullun koko, wanda yake cike da bakteriya masu rai, a kan yara 184 masu gudawa, suka wallafa a 2006 cewa bai rage yawan zawo ko tsawonsa ba. A Malawi ma, gwajin da aka wallafa a 2009 a kan yara masu tamowa mai tsanani bai nuna cewa ƙara furobayotik a abincin jinya ya inganta warkewarsu ba.

Wannan bai zubar da darajar ƙwarya ba, ya dai mayar da ita muhallinta na asali, wato abinci. Likitocin yara a birnin Wahran na Aljeriya sun nuna tun 1990 cewa yaron da gudawa ta daɗe masa ya fi jure kindirmo a kan madarar da ba ta kama ba, abin da ya dace da hankali tunda bakteriya sun riga sun cinye wani kaso na sukarin da hanjinsa ya kasa narkarwa, kuma littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya yana lissafa kindirmo da ruwan shinkafa da miya cikin abin da za a iya ba yaro a gida, yana kuma ba da shawarar a musanya madarar dabba da kindirmo idan gudawa ta kai mako biyu. Sharaɗin shi ne yaron ya wuce wata shida, a tafasa madarar kafin a bar ta ta kama, ruwan da za a tsinka ta da shi kuma ya zama tafasasshe. Furobayotik na kanti yana da nasa matsalolin a gari mai zafi, domin halitta mai rai da ta yi watanni a cikin mota daga tashar jirgin ruwa ta Duwala, ta kuma zauna a shagon da wuta take ɗaukewa, ba lalle ne ta isa bakin yaro da ranta ba, ga shi kuma an samu lokutan da yis ko bakteriyar suka shiga jinin marasa lafiya masu raunin garkuwa. Uwar da ke riƙe da 'yan kuɗi ƙalilan a ƙofar kantin magani ta cancanci a gaya mata gaskiya a fili, cewa fakitin gishiri da sukari, wanda a takardun asibitin Chadi ake rubuta shi SRO, da ƙwayar zink su ne a gaba, kuma duk takardar likita da ta sa ta kashe kuɗinta a kan kwali mai tsada ta rasa na waɗannan biyu ta cuce ta. A 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da wannan tsari: sabon haɗin ruwan da aka rage masa gishiri da sukari, zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba, da ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Ruwan gishiri da sukari yana daga cikin manyan dalilan da suka sa yaran da gudawa take kashewa a duniya suka ragu daga kimanin miliyan 4.6 a shekara a wajen 1980 zuwa ƙasa da rabin miliyan.

Abin da ya fi ciwo a lissafin Chadi shi ne cewa bakteriyar da Tissier ya gano, wadda ta fi kowace dacewa da hanjin jariri, nonon uwa ne yake renonta kyauta, amma binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2014 zuwa 2015 ya samu cewa jariran da ake shayar da su nono zalla har wata shida ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda kusan kowace uwa tana ba jaririnta ruwa tun kwanakin farko, bisa tausayin cewa zafin ƙasar zai sa shi ƙishirwa. Gudawa da tamowa kuma suna ciyar da juna, kowace tana share wa ɗayar hanya, abin da ake gani kowace shekara a sashen jinyar tamowa na asibitin Chadi da Sin, inda ƙungiyoyin ALIMA da Alerte Santé suke aiki, musamman a watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon amfani ya shigo.

Rigakafin rota ya yi doguwar tafiya kafin ya iso. An janye na farko daga kasuwar Amurka a 1999 saboda ya jawo naɗewar hanji ga wasu jarirai, aka samu sababbi biyu, Rotarix da RotaTeq, a 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta nemi kowace ƙasa ta sa shi cikin jadawalinta a 2009. A gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi ne ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka da cibiyarta ta bincike, Epicentre, suka gwada Rotasiil, wanda kamfanin Serum na Indiya ya haɗa don ya jure zafi, aka wallafa a 2017 cewa ya kare kimanin kashi 67 cikin 100 daga gudawar rota mai tsanani, gudummawar da jariran Hausawa dubbai da iyayensu suka ba duniya. Nijar da Kamaru sun fara ba da rigakafin a 2014, Najeriya a 2022, Chadi kuwa sai a watan Oktoba na 2024, inda aka ƙaddamar da shi tare da na ciwon huhu da na zazzaɓin cizon sauro. Ɗigo ne da ake sa wa jariri a baki a makonnin farko na rayuwarsa, fiye da sau ɗaya, don haka yana buƙatar uwa ta koma asibiti a kan lokaci, kuma waɗanda wannan ya fi yi wa wuya su ne 'ya'yan makiyayan da madarar birnin take fitowa daga garkensu. Chadi tana da gogewa a kan wannan matsala, domin a farkon shekarun 2000 masu bincike na Cibiyar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Suwizalan, cikinsu har da Jakob Zinsstag da Esther Schelling, tare da ɗakin binciken Farsha da ma'aikatun lafiya da na kiwo, sun lura cewa shanun makiyaya a yankunan Shari-Bagirmi da Kanem sun fi 'ya'yansu samun rigakafi, sai suka haɗa malamin dabbobi da malamin asibiti a mota ɗaya, aka riƙa yi wa garke da yara da mata rigakafi a zama guda a bakin mashaya.